Tambayi Likita: Mutum-mutumi zai iya gane mantuwar Baba?

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙu uku na ɗauko a wannan watan, dukkansu a kan mantuwar tsofaffi. Biyu daga ciki sun taɓo batun mutum-mutumin da ake gwadawa a ƙasashen waje don ya riƙa yi wa tsofaffi tambayoyin auna tunani. Na daɗe ina duba dattawa a asibiti, maganar nan kuwa tana raina, shi ya sa amsar farko ta yi tsawo. Kamar yadda muka saba, na ɓoye sunayen masu tambaya.

TAMBAYA TA FARKO

Salamu alaikum Hajiya Likita. Ni malamin makaranta ne a Katsina. Mahaifinmu yana da shekara 74, tsohon ɗan kasuwa ne, atamfa da shadda ya yi kusan shekara arba'in yana sayarwa. Tun bayan babbar sallar bara muka lura yana maimaita tambaya. Zai tambaye ni ko na biya kuɗin wuta, in ce na biya, kafin a kira la'asar ya sake tambaya. Sau biyu ya ba jikansa kuɗin makaranta a mako ɗaya. Amma yana zuwa masallaci da kansa, yana gane kowa, hirarsa ta zamanin da kuma tana nan yadda take. Ƙanena ya turo mini bidiyon wani farin mutum-mutumi yana yi wa tsofaffi tambayoyi a ƙasar waje, an ce yana gano ciwon mantuwa tun kafin ya kama mutum. Gaskiya ne? In akwai irinsa a waya ko a wani asibiti mu gwada Baba, don ba zai taɓa yarda mu kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa ba.

AMSA

Wa'alaikumus salam Malam. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya saka maka da alheri da ka sa ido har ka lura da abin da gidaje da yawa suke sharewa da cewa ai tsufa ne.

Bidiyon ba ƙarya ba ne, bayanin da aka ɗora masa ne ya wuce gona da iri. In farin ne mai manyan idanu da allo a ƙirji, to Pepper ka gani. Kamfanin SoftBank na Japan ne ya fito da shi a 2014, wani kamfanin Faransa mai suna Aldebaran ya ƙera. Tsayinsa santimita 120, kamar yaro ɗan aji biyu na firamare, a kan tayoyi yake tafiya. Yana da ɗan'uwa mai suna NAO, shi santimita 58 ne kacal. Masu bincike a Italiya da Ingila da wasu ƙasashe sun gwada sa Pepper ya karanta wa mutane tambayoyin da mu likitoci muke yi, ya saurari amsa, ya ba da maki. Har yanzu dai aikin bincike ne a kan mutane ƙalilan, ba abin da za ka je asibiti ka yanki kati ka ce a haɗa ka da shi ba ne, ko a can ƙasashen.

Abin da ake nema ya gano shi ne wani mataki da ke tsakanin mantuwar tsufa da kowa ke yi da gigin tsufa sosai. Ni ina kiransa ƙaramin raunin tunani. Wani likita a asibitin Mayo na Amurka, Ronald Petersen, shi da abokan aikinsa suka fayyace shi a 1999. Mai wannan hali tunaninsa ya ragu fiye da na sa'o'insa, shi ko iyalinsa sun lura, gwaji ma ya nuna, amma har yanzu yana tafiyar da rayuwarsa da kansa: wanka, sutura, sallah, cefane, zuwa unguwa ya dawo. Abin da ka ba ni labari game da Baba ya yi kama da haka, kodayake ba zan yanke hukunci a kan mutumin da ban zauna da shi ba. A cikin masu wannan hali da ke zuwa asibiti, kimanin 10 zuwa 15 cikin ɗari ne ke zarcewa zuwa gigin tsufa a kowace shekara. Wasu suna nan yadda suke shekara da shekaru. Wasu ma suna dawowa daidai, musamman in abin da ya jawo mantuwar yana da magani. Ka ga ke nan ba maganar gano ciwo kafin ya kama mutum ake yi ba, maganar gane shi ake yi tun yana ƙarami.

Gwajin da aka fi ɗora wa mutum-mutumin shi ne wanda ake kira MoCA, ko wani mai kama da shi. Likita Ziad Nasreddine ne ya tsara shi a Montreal ta Kanada. Maki 30 ne, ana gamawa a cikin minti goma, wanda ya samu 26 zuwa sama ana ɗaukarsa lafiya. Kafinsa akwai wani tsohon gwaji na 1975, shi ma maki 30, amma a binciken da aka wallafa a 2005 tsohon ya kama 18 cikin ɗari ne kawai na masu ƙaramin rauni, MoCA kuwa ya kama 90. Za a karanta maka kalmomi biyar a ce ka riƙe, sai bayan wasu mintuna a tambaye ka. Za a ce ka zana agogo ka nuna ƙarfe goma sha ɗaya da minti goma. Za a ce ka cire bakwai daga ɗari, ka ci gaba da cirewa. Za a nuna maka zanen dabbobi uku ka faɗi sunansu. Za a tambaye ka kwanan wata da sunan garin da kake.

Na taɓa tsayawa gaban Pepper a wani taron likitoci a ƙasar waje. Da na matso sai ya ɗago kai ya bi fuskata da kallo, ya ɗaga hannu, yatsunsa suna motsi a hankali kamar mai bayani. Muryarsa siririya ce irin ta yara. Ya karanta mini kalmomi biyar, bai yi sauri ba, bai ja ba, kowace kalma da tazararta daidai. A nan na ga amfaninsa na farko. Ni ranar da na duba mutum arba'in, yadda nake karanta wa na farko kalmomin nan ba haka nake karanta wa na arba'in ba. Murya ta gaji, wani lokaci kuma tausayi ya sa ka ɗan taimaka wa tsoho da ido ko da gyaɗa kai, makin ya gurɓace. Na'ura ba ta gajiya, ba ta taimakon kowa da ido. Tana kuma iya auna abin da kunnena ba zai iya ba, kamar daƙiƙa nawa mutum ya yi shiru kafin ya amsa, da sau nawa ya yi inda-inda yana neman kalma.

Amfani na biyu ya fi taɓa ni, kuma shi ne ka ambata a ƙarshen wasiƙarka: kunya. Dattijo mai jikoki, wanda ake tashi a ba shi wuri a majalisa, ya zauna gaban yarinya sa'ar 'yarsa tana tambayarsa yau wace rana ce. Na ga idon dattawa ya kaɗa a kan wannan tambayar. Wasu su yi fushi su ce raini ne, wasu su mayar da abin raha don kada a gane sun kasa. Zai yiwu wani ya fi sakin jiki ya yi kuskure gaban na'urar da ba za ta haɗu da shi a ɗaurin aure ba. Wannan dalilin kaɗai ya isa ya sa ban raina binciken ba.

Sai dai a wannan tsayuwar tawa, da lokacin maimaita kalmomi ya yi, na faɗi guda biyar ɗin daidai, ya ƙirga mini huɗu. Ingilishina na Bahaushiya bai shige masa ba a kalma ɗaya. Maki ɗaya ya tafi ba don na manta ba. To ka ɗauko Baba, da Katsinancinsa, wataƙila haƙora sun ragu, wataƙila kunne ya yi nauyi, ga fanka tana ƙara, ga jika yana kuka a tsakar gida. Na'urorin da ke sauraren magana sun fi ƙwarewa a harsunan da aka tara musu dubban sa'o'i na murya, Hausa kuwa tana baya sosai a wannan, balle muryar tsoho.

Ko da mutum-mutumin ya iya Hausa kamar ɗan Galadanci, akwai matsalar da ta fi wannan zurfi, ita ce tambayoyin kansu. An tsara su ne don mutanen da suka yi boko. Kalmomi biyar na asali sun haɗa da karammiski da sunan wata fure da ba ta fitowa a ƙasarmu. Dabbobin uku su ne zaki da karkanda da raƙumi, mutum nawa ne a Katsina suka taɓa ganin karkanda ko a hoto? Akwai inda za a ce ka ja layi daga 1 zuwa A, daga A zuwa 2, daga 2 zuwa B. Wanda karatunsa na allo ne, daga dama yake rubutu, kwanan watansa na Musulunci ne, lokacinsa kuma hantsi da azahar da la'asar sakaliya, ta yaya zai ci wannan? Maki ɗaya da ake ƙara wa wanda karatunsa bai wuce shekara 12 ba bai isa ya cike wannan gibi ba, shi ya sa daga baya masu gwajin suka fitar da wani nau'i na daban don waɗanda ba su yi karatu mai zurfi ba.

Akwai wani malamin tsangaya da 'ya'yansa suka kawo mini, ya haura saba'in. Na ba shi biro ya zana agogo. Ya riƙe biron kamar alƙalamin kara, ya yi da'ira mai kyau, ya tsaya yana kallona. Makinsa a takarda ya yi ƙasa ƙwarai. Sai na ajiye takardar na ce, Allah gafarta Malam, mutum ne ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya, da dukiya kaza, yaya za a raba? Bai ko ɗaga kai ba ya cire wa matar tumuninta, ya raba saura kashi biyar, ya faɗi rabon kowa har kobo. Matsalarsa kunne ne, ba ya jin rabin abin da ake faɗa a gida, iyali suka ɗauka mantuwa ce. A wannan watan kuma na ga wani tsohon ma'aikacin banki da ya ci 27. In takarda za a bi, lafiyarsa ƙalau. Matarsa ce ta ja ni gefe ta ce sau biyu ke nan yana ɓata a hanyar gidan ƙanwarsa, hanyar da ya shekara talatin yana bi. Iliminsa ne ya rufe raunin. Mutum-mutumi zai aika malamin wurin likitan ƙwaƙwalwa, ya sallami ma'aikacin bankin ya tafi gida.

Likitocinmu sun daɗe da gane wannan. A 1992 aka fara wani dogon bincike tsakanin Jami'ar Ibadan da Jami'ar Indiana ta Amurka, ana kwatanta tsofaffin Yarabawa na Ibadan da baƙaƙen fatar birnin Indianapolis. Gwajin da suka yi aiki da shi kashi biyu ne: a tambayi tsohon, sannan a zauna da wani na kusa da shi a tambaye shi me ya canja. A Ibadan ɗin ne kuma aka fito da gwajin ashana. Maimakon a ba tsoho biro, sai a jera tsinken ashana huɗu a wata siffa a ce ya jera irinta, har da inda kawunan suke fuskanta. Kwalin ashana ɗaya ya warware abin da na'urar miliyoyi ba ta warware ba, saboda waɗanda suka ƙirƙiro shi sun san hannun da ke gabansu.

Gwajin nan, ko mutum ya yi shi ko na'ura, rariya ce. Aikinsa ya tankaɗe ya nuna wa ya kamata a duba da kyau. Ba ya faɗin sunan ciwo, ba ya faɗin dalili. Hukumar da ke ba Amurka shawara kan gwaje-gwajen rigakafi ma ta ce a 2020 babu isasshiyar hujjar da za ta sa a riƙa tankaɗe duk tsohon da bai nuna wata alama ba. Baba kuwa ya wuce matakin rariya. Kai ka riga ka tankaɗe shi da idonka, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ɗan kasuwar da ya shekara arba'in yana riƙe lissafin bashi a ka, ya zo ya biya kuɗin makaranta sau biyu a mako, wannan ya fi mini kowane maki ƙarfi.

Don haka kada ka jira mutum-mutumi, kada kuma ka sauke wata manhaja ka zaunar da shi kana masa jarrabawa. Masu MoCA da kansu sun shardanta horo ga mai yin gwajin. Ka samu littafi ka riƙa rubuta abin da ka gani har wata guda, da rana da abin da ya faru. Ka tambayi Hajiya, ita ta fi kowa sani: yana ruɗewa a raka'o'in sallah fiye da da? Surorin da ya saba karantawa suna kufce masa? Barcinsa fa, yana minshari har numfashi ya ɗauke? Ya daina zama majalisa? Sannan ka ce masa za ku je a duba hawan jini da suga, wanda kuma gaskiya ne, don da su za a fara. Ku je sashen likitocin iyali na babban asibiti, ba sai an ambaci ƙwaƙwalwa ba. Ka zuba duk magungunan da yake sha a leda ka tafi da su, har na gargajiya da na kemis. Maganin barci da wasu magungunan mura da ƙaiƙayi suna dusashe tunanin tsoho. Ka roƙi a auna sinadarin B12 a jininsa, a duba aikin ƙullin wuyan nan da ke kawo maƙoƙo in ya kumbura, a duba ji da gani, a kuma tambaye shi halin zuciyarsa. Ciwon damuwa a tsoho yakan fito da kamannin mantuwa, musamman ga wanda ya bar kasuwa ya dawo zaman gida. Duk waɗannan suna da magani.

Za ka ji labarin sababbin allurai biyu da Amurka ta amince da su a 2023 da 2024 don farkon cutar Alzheimer, wadda wani nau'i ne na gigin tsufa. Suna rage saurin ciwon ne kaɗan, ba sa warkarwa, suna buƙatar hoton ƙwaƙwalwa akai-akai saboda haɗarin kumburi da zubar jini, ɗaya daga ciki kuma da ta fito a 2023 kuɗinta ya haura dala dubu 26 a shekara. Kada wani ya karɓi kuɗinku da sunansu.

Abu biyu na ƙarshe. In ka wayi gari Baba ya ruɗe farat ɗaya, cikin kwana ɗaya ko biyu, yana sambatu ko yawan barci, wannan ba mantuwar tsufa ba ce. Zazzaɓi ne ko ciwon fitsari ko suga ko shanyewar ɓarin jiki, a kai shi asibiti a ranar. Sannan don Allah ku hana yara yi masa “Baba, wane ne wannan?” a gaban baƙi. In ya sake tambayar kuɗin wuta, ka ce an biya Baba, kamar yanzu ya fara tambaya.

TAMBAYA TA BIYU

Anti Likita barka da aiki. Ina aikin kula da tsofaffi a wani gidan jinya a Ingila, shekarata biyu. Shugabanninmu sun fara maganar kawo mutum-mutumi da zai riƙa hira da mazauna gidan yana auna tunaninsu. Abokan aikina suna tsoron za a rage ma'aikata. Ni abin da ya fi damuna shi ne, wata tsohuwa da nake kula da ita tana faɗa wa duk wanda ya saurare ta sirrin gidanta. In ta faɗa wa na'ura, ina maganar za ta?

AMSA

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari, aikin da kike yi ba ƙarami ba ne. Kan batun rage ma'aikata, ki kwantar da hankalinki gwargwado. Pepper ba ya iya ɗaga tsohuwa daga gado, ba ya canja mata zane, ba ya ba ta abinci a baki. A 2021 ma aka ba da labarin cewa kamfanin ya dakatar da ƙera shi saboda ƙarancin masu saye. An taɓa gwada shi a gidajen tsofaffi a Ingila da Japan ƙarƙashin wani shiri na haɗin gwiwar Tarayyar Turai da Japan mai suna CARESSES, inda aka koya masa ya yi hira daidai da al'adar wanda ke gabansa. An ga alamun ya ɗan faranta ran waɗanda suka zauna da shi, amma mutanen kaɗan ne, zaman kuma na mako biyu ne. Japan ce ta fi kowa matsuwa a kan wannan, don kusan 29 cikin ɗari na mutanenta sun kai shekara 65, masu jinya kuma ba su isa ba. Can ne aka ƙera PARO, mai kama da jaririn wata dabbar teku, mai laushin gashi, wanda masu gigin tsufa ke rungumewa su samu natsuwa. A 2022 kuma jihar New York ta raba wa tsofaffi masu zaman kaɗaici fiye da 800 wata na'urar hira mai suna ElliQ. Duk inda kika duba, gurbin da babu mutum ake cikewa da su.

Tambayarki ta biyu ita ce mai nauyi, kuma na ji daɗi da daga bakin mai jinya ta fito. Yawancin waɗannan na'urori ba a cikinsu ake fassara magana ba. Suna ɗaukar murya, wani lokaci har da hoton fuska, su aika ta intanet zuwa manyan kwamfutocin wani kamfani, amsa ta dawo. Kina da haƙƙin ki tambaya a taron ma'aikata: me ake ɗauka, ina ake ajiyewa, har tsawon wane lokaci, wa ke iya saurare? Dokar kare bayanai ta ƙasar da kike tana ɗaukar bayanan lafiya da tsanani na musamman, saboda haka ba rashin kunya kika yi ba in kin tambaya.

Akwai kuma abin da doka ba ta gama kamawa ba. In tsohuwar nan ta ɗauka hira take yi da aboki, alhali ana ba ta maki a ɓoye, an yaudare ta, ko da niyyar alheri ce. Dole a gaya mata cewa wannan hirar gwaji ce, ta yarda ko ta ƙi. In tunaninta bai kai ta yanke wannan shawarar ba, a bi hanyar da dokar ƙasar ta tsara, a sa danginta a ciki. A kuma fayyace tun farko wa zai gaya mata sakamako. Ba na so a wayi gari allo ne zai sanar da mutum cewa tunaninsa ya fara rauni, ba kowa kusa da zai riƙe masa hannu. In aka kawo na'urar, ki nemi ki riƙa zama a wurin lokacin gwajin. Ke kika san ranar da ba ta yi barci ba, da ranar da batirin abin jinta ya mutu.

TAMBAYA TA UKU

'Yata Likita, jikata ce ke rubuta mini daga Maraɗi. Shekarata 68. Ina ajiye makulli in manta, in kira jika sai na bi sunan uku kafin in faɗo nata. Yayata ta yi gigin tsufa kafin ta rasu, har wasu a unguwa suka riƙa cewa mayya ce don tana fita da dare tana kiran sunayen matattu. Tsoro nake ji kada nawa ya fara. Kunnena na hagu ma ya yi nauyi.

AMSA

Inna, ina gaishe ki da kyau, Allah ya jiƙan Yaya ya sa ciwon ya zama kaffara. Abin da aka yi mata ya sosa mini rai. Ba mayya ba ce, marar lafiya ce. Ciwon yana cinye sabon tunani ya bar tsoho, shi ya sa take neman mutanen ƙuruciyarta, a wurinta suna nan da rai. Fita da dare ma alama ce da muka sani a asibiti, agogon jiki ne ke rikicewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum fiye da miliyan 55 ne ke da wannan ciwo, sama da kashi 60 cikin ɗari kuma a ƙasashe irin namu suke. Cuta ce kamar suga, ba ta da alaƙa da maita.

Abin da kika lissafa game da kanki bai tayar mini da hankali ba. Wanda ya manta inda ya ajiye makulli, ya nema ya gani, ya ce af, ai nan na sa shi, wannan mantuwar kowa ce. Abin da muke tsoro shi ne mutum ya riƙe makullin bai san aikinsa ba, ko ya sa shi a tukunya ya ce sace masa aka yi. Jera sunan jikoki kafin a faɗo na gaskiya kuwa, duk kakar da Allah ya yi wa arzikin jikoki tana yi. Tambayoyin da zan so ki yi wa kanki su ne: miyar da kika saba yi tana fita yadda take, ko kin fara sa gishiri sau biyu? Kina riƙe lissafin adashi? Kina zuwa gidan biki ki dawo ba ɓata? In duk wannan lafiya, to alhamdu lillahi. Yayarki ta yi ba ya nufin dole ke ma ki yi, yawancin masu ɗan'uwa da ya yi ciwon a tsufa ba sa yinsa.

Kunnen nan shi nake so mu kama. Wani kwamitin masana da mujallar likitoci ta Lancet ta kafa ya lissafa a 2024 abubuwa 14 da in aka magance su za a iya hana ko jinkirta kusan 45 cikin ɗari na gigin tsufa, nauyin kunne kuwa yana cikin manyansu, sauran sun haɗa da hawan jini da suga da raunin gani da zaman kaɗaici. Wanda ba ya ji sosai yakan janye daga hira, ƙwaƙwalwar da ba a yi mata hira kuma tana yin sanyi. Sau da yawa a wurinmu dattin kunne ne kawai ya taru ya toshe, a wanke a asibiti cikin 'yan mintuna ji ya dawo. Kada ki sa tsinke ko gashin kaza, kada a ɗiga miki wani abu a gida.

Ki ci gaba da zuwa islamiyya in kina zuwa, haddar da kike maimaitawa tana da amfani. Ki riƙa taka ƙafa zuwa gidajen 'yan'uwa da safe kafin rana ta yi zafi. A auna miki jini ko da wata-wata ne, in an ba ki maganin hawan jini kada ki ajiye shi don kin ji sauƙi.

Ke kuma jika mai rubutu, na ba ki aiki: ki kai Inna a duba mata kunnen hagu a wannan watan, ki rubuto mini abin da aka gani.